Wa Ya Ciyar da Dokin Ertugrul?

Duk sa'ad da aka kai hari wani ƙauye a Faskari, ko Sabuwa, ko Ƙanƙara, kafin a gama haƙa kaburbura hoton ya fara yawo a Facebook da WhatsApp: mutum mai gemu bisa doki, takobi a zare, a ƙasa an rubuta, “Allah Ka ba mu irin Ertugrul.” Jama'a su yi ta zuba amin. Ni ba na amsa wannan addu'a, kuma ina roƙon mai karatu, musamman wanda ubansa ke da gona tsakanin Funtuwa da Malumfashi, ya ɗan dakata kafin ya amsa. Wanda ya san tarihin mahayan nan na gaskiya zai roƙi Allah wani abu daban.

Ban ga laifin mai kallo ba. Wanda aka kashe wa ɗan'uwa a gona, aka karɓe masa shanun huɗa, aka sa shi sayar da masarar da bai girbe ba don ya fanso matarsa, yana da hakkin ya yi mafarkin jarumi. Fina-finan Turkiyya sun zo masa da wannan mafarki a dafe. Ka shiga kowane shagon tura fina-finai a Funtuwa ko Bakori, za a loda maka Ertugrul da Usman da Alp Arsalan a katin waya, wasu da fassarar Hausa. Yara a layi suna sara da kara suna kiran juna Turgut da Bamsi. Faɗana da waɗanda suka ɗauki wannan nishaɗi suka mayar da shi darasin tarihi ne, sannan suka mayar da darasin shawarar siyasa: wai maganin abin da ya dame mu shi ne namiji guda mai takobi, wanda ba ya tambayar alƙali kafin ya sare kai. Wannan shawara tana da haɗari, kuma tarihin Turkawan kansa shi ne ya fi kowa ƙaryata ta.

Fim ne, ba kundin tarihi ba

Shirin Ertugrul ya fara fitowa a tashar TRT, ta gwamnatin Turkiyya, a Disambar 2014, ya ƙare a 2019 bayan zango biyar da kashi 150, kowane kashi kusan awa biyu. Shugaba Erdogan da kansa ya ziyarci inda ake ɗaukarsa. A Pakistan, Firaminista Imran Khan ne ya sa aka fassara shi da Urdu aka fara nunawa a 2020. Ƙasa ce ke tallata kanta, kuma ta iya talla. Babu aibu a wannan, sai dai mai saye ya san talla yake kallo.

To me tarihi ya tabbatar game da Ertugrul? Abin bai cika shafi guda ba. Ya rayu a ƙarni na 13, shi ne mahaifin Usman wanda daular Usmaniyya ta samo suna daga gare shi, akwai tsabar kuɗi da aka buga da sunan Usman ɗan Ertugrul, kabarinsa yana garin Sogut, kuma ana ƙiyasta rasuwarsa wajen 1280. Littattafan Usmaniyawa da suka ba da labarinsa an rubuta su ne fiye da shekara 100 bayan mutuwarsa, wasu ma kusan 200, kuma ko a sunan mahaifinsa ba su daidaita ba: wasu sun ce Sulaiman Shah, wasu sun ce Gunduz Alp. Shaihi Ibnu Arabi, wanda fim ya mayar malaminsa mai bayyana duk lokacin da aka shiga tsaka mai wuya, mutum ne na gaske da ya rasu a Dimashƙa a 1240, amma babu littafin zamaninsa da ya haɗa su. Shi kuwa Bamsi mai takubba biyu, daga tatsuniyoyin Dede Korkut aka ɗauko shi. Kamar dai a ɗauko Iliya Ɗan Maiƙarfi a saka shi a yaƙin Gawakuke, sannan a ce wa yara haka aka yi.

A sana'armu ta rubuta manhaja muna bambanta fuskar da mai waya ke gani da kundin da ke ƙasa, inda ake ajiye duk abin da ya faru. Fuska ana yi mata kwalliya ne don ta riƙe ka. Ranar da manhaja ta rushe, kundin ake buɗewa a ga inda aka kuskure. YouTube da TikTok suna ƙara tura maka duk abin da ya tsayar da yatsanka, kuma sara da sukuwa sun fi tsayar da yatsa. Ba wanda zai yanko maka minti guda na magatakarda yana lissafin haraji. Amma a cikin lissafin nan daula ke rayuwa, a cikinsa take mutuwa. Bari mu buɗe kundin.

Yadda abin yake daga bakin gona

Saljuƙawa, waɗanda Alp Arsalan ya fito daga cikinsu, makiyaya ne daga ƙabilun Oguz na tsakiyar Asiya. Sun ƙetaro kogin Jaihun suka shigo Khurasan a shekarun 1030 da tumakinsu da raƙumansu da dawakinsu, suna neman makiyaya. Khurasan ƙasar noman rani ce, mai magudanan ruwa na ƙarƙashin ƙasa da aka yi shekaru ana haƙawa, ƙasar Naisabur wadda ta haifi Imamu Muslim. Ka tsaya a matsayin manomin wannan ƙasa. Dubban dabbobi sun sauka a gonarka. Sojan Sarki Mas'ud na Gazna, wanda kake biya wa haraji don ya kare ka, nauyi gare shi, da giwaye da kaya. Kafin ya iso mahayan sun ɓace cikin hamada, yana juyawa sun dawo. Shi ma idan ya iso, daga rumbunka zai ci. Akwai ɗan Dandume ko Sabuwa da ke buƙatar a fassara masa wannan?

A 1038 manyan Naisabur suka zauna suka duba: ganuwa ba ta da ƙarfi, mutane ba su da makami, sarki yana nesa. Suka buɗe wa Saljuƙawa ƙofa. Malaman tarihi na da sun ruwaito cewa Chagri Beg, mahaifin Alp Arsalan, ya so a wawashe garin, ɗan'uwansa Tugril ya hana, kuma ba a rabu ba sai da aka ɗora wa mutanen gari dukiya mai yawa aka raba wa mayaƙa. Mu a nan mun san sunan irin wannan kuɗi. Ƙauyuka da yawa a yammacin jihar nan da Zamfara sun biya shi kafin a bar su su yi shuka, sun sake biya kafin a bar su su yi girbi.

A 1040 Saljuƙawa suka karya Mas'ud a Dandanaƙan, a 1055 Tugril ya shiga Bagadaza halifa ya naɗa shi sarki. Daga ranar da suka zama masu mulki, babbar matsalarsu ita ce 'yan'uwansu mahaya, waɗannan da fim ke kira alp. Sarki yana son haraji, haraji yana son manomi ya zauna lafiya, su kuwa mahaya ganima suka sani. Dabarar da sarakunan suka yi ita ce tura su can iyaka, wajen Armeniya da ƙasar Rumawa, su je su yi ɓarnarsu nesa da gonakin da ke ciyar da fada. Yaƙin Malazgirt na Agustan 1071, inda Alp Arsalan ya kama sarkin Rum Romanos da ransa, nasara ce ta gaske, kuma sakin da ya yi wa sarkin karamci ne na gaske. Amma kafin ka yi kabbara ka tuna cewa sarakunan da kake yabo su da kansu ba su yarda waɗannan jarumai su yi sansani kusa da gonakinsu ba.

Kuma dubi yadda masu takobi suka ƙare da junansu. Tugril ya sa an shaƙe ɗan'uwansa Ibrahim Inal a 1059. Alp Arsalan, shekara guda bayan Malazgirt, wani kwamandan ganuwa da aka kamo aka kawo gabansa ne ya soke shi da wuƙa. Ɗansa Malik Shah ya hau, ya sa aka shaƙe baffansa Ƙawurd da tsirkiyar baka. Da Malik Shah ya rasu a 1092, 'ya'yansa Barkiyaruƙ da Muhammad suka shafe shekaru suna yaƙi, ɗan'uwansa Tutush ya mutu a filin daga yana neman gadon. Ana cikin haka mayaƙan Turai masu gicciye suka iso. Sun tarar da Ridwan a Halab da Duƙaƙ a Dimashƙa, wa da ƙane, ba sa ga maciji. Antakiya ta faɗi a 1098, Ƙudus a 1099. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Haka abin ya ci gaba a sauran gidajen sarautar. Baibaras, bawan Baturke da ya zama sarkin Masar, yana cikin waɗanda suka tare Mongol a Ainu Jalut a 1260; a hanyar komawa gida ya kashe sarkinsa Ƙutuz ya hau kujerar. Taimur gurgu, wanda wasu ke yaɗa hotonsa a matsayin gwarzon Musulunci, yawancin garuruwan da ya rusa na Musulmi ne: Isfahan a 1387, Delhi a 1398, Dimashƙa da Bagadaza a 1401, sannan a 1402 ya kama Sarkin Usmaniyya Bayazid a Ankara. A gidan jikokin Ertugrul kuwa, Muhammadu na Uku ya sa an kashe 'yan'uwansa maza 19 da ya hau mulki a 1595. Wanda ya roƙi mai takobi, ya sani da kubensa yake zuwa, kuma ba kullum takobin ke kallon waje ba.

Alƙalamin waziri

Wani zai ce, to in haka ne me ya sa ake tuna daular Saljuƙawa da alheri? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta mutum ne da ba shi da takobi a hoto. Nizamul Mulk Bafarishe ne daga Ɗus, ya yi wa Alp Arsalan da Malik Shah waziri kusan shekara 30. Shi ya kafa makarantun Nizamiyya. Ta Bagadaza an buɗe ta a 1067. A ta Naisabur Imamul Haramaini ya koyar, mai littafin Waraƙat da ake karantawa a zaurukanmu. A ta Bagadaza Imamu Gazali ya koyar daga 1091 zuwa 1095. Duk almajirin da ya buɗe Ihya'u a Katsina ko Zariya yana cin gajiyar kuɗin da wannan waziri ya ware wa ilimi. A zamanin ne kuma aka tara masana taurari, har da Umar Khayyam, suka gyara kalandar rana a 1079, kuma cikin dalilan akwai daidaita lokacin karɓar haraji da lokacin girbi.

Littafin da ya rubuta wa Malik Shah kan mulki, Siyasatnama, yana nan har yau. Kaɗan ne a cikinsa ya shafi sara da suka. Yawancinsa kan abubuwan da ba sa shiga fim ne: sarki ya zauna sau biyu a mako ya saurari kukan talaka da kunnensa, sojan da aka ba harajin wata ƙasa a madadin albashi ba shi da iko da jikin manomi ko matarsa ko gonarsa, abin da aka ƙayyade kawai zai karɓa, a riƙa canza ma'aikata bayan shekara biyu ko uku kada su yi saiwa, a sa masu kawo labari a ko'ina don sarki ya san abin da ake yi da sunansa. Mutumin da ya rubuta haka ya san cewa babban maƙiyin manomi sau da yawa shi ne mai makamin da aka ce ya kare shi.

Reshen Saljuƙawa na Anatoliya, su Sarki Ala'uddin Kaikubad da ke cikin shirin Ertugrul, abin da suka bari a tsaye har yau shi ne masaukan fatake na dutse a kan hanyoyi, tsakanin ɗaya da ɗaya tafiyar yini guda, inda ayari ke kwana da dabbobinsa cikin tsaro. Sultan Han da ke kan hanyar Konya an gina shi a 1229. Baibaras ma, ban da yaƙi, abin da ya riƙe masa ƙasa shi ne gidan waya na dawaki da ke kai saƙo daga Alƙahira zuwa Dimashƙa cikin kwana huɗu. Ka auna wannan da hanyar Funtuwa zuwa Birnin Gwari, ko Ƙanƙara zuwa Sheme, wadda a 2021 gwamnati ta rufe ta ga motocin haya saboda ta gagara tsarewa, a shekarar da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan. In za mu yi kishin Turkawa, a kan masauki da hanya da saƙo ya kamata mu yi.

Tumaki 24,000

Ga labarin da ya kamata a ce kowane hakimi da kowane ɗan majalisa a Arewa maso yamma ya haddace, wanda kuma ba a yanko mana shi a TikTok. Sanjar ɗan Malik Shah shi ne babban sarkin Saljuƙawa na ƙarshe, ya mulki Khurasan kusan shekara 60. A ƙasar Balkh akwai makiyaya Oguzawa, jininsa ɗaya da su, da ke ba gidan sarki tumaki 24,000 duk shekara. Jangali ke nan. Mai karɓar jangalin ya matsa musu da zalunci da wulaƙanci da neman na goro, suka kashe shi. Gwamnan Balkh, Ƙumaj, ya fita ya hore su, suka kashe shi da ɗansa. Sanjar ya taso da runduna. Makiyayan suka aiko da ban haƙuri da tayin diyya. Manyan sojansa suka zuga shi ya ƙi. Aka gwabza a 1153, aka karya shi, aka kama shi. Ya yi shekara uku a hannunsu, ya kuɓuta a 1156, ya dawo ya tarar da ƙasarsa kufai, ya rasu a 1157.

A cikin shekarun nan uku, wa ya biya? Mai karɓar jangalin ya riga ya mutu. Manyan sojan sun tsere da dukiyarsu. Marwa da Naisabur aka wawashe, aka ƙone masallatai da ɗakunan littattafai, aka azabtar da mutane don su nuna inda suka binne kuɗi. Babban malamin Shafi'iyya na Naisabur, Muhammadu ɗan Yahaya, almajirin Gazali, ƙasa aka cusa masa a baki har ya cika. Zaluncin da aka yi wa makiyayan gaskiya ne. Ta'asar da suka yi wa waɗanda ba su ji ba ba su gani ba ita ma gaskiya ce, kuma na farko bai wanke na biyu ba. Wanda ya tuna ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara 344 da aka kora daji a Disambar 2020, ko masallatan asuba da aka kashe a Unguwar Mantau ta Malumfashi a Agustan 2025, ya san ba uzurin da zai wanke irin wannan. Amma ruwa ba ya tsami banza. Daular da ta kama sarkin Rum ba Rumawa ne suka rushe ta ba. Ma'aikaci guda mai haɗama ya kunna wutar, ba a sami alƙalin da zai kashe ta tana ƙarama ba, sannan masu takobi suka ce a bar musu, za su gama da ita a yini guda.

Mun ga irin wannan da idonmu. Burtali ya shige gona, mashaya ta zama fili, ƙarar da ya kamata a yanke a zaure ɗaya ta zama hanyar tatsar saniya bayan saniya. Aka ce a bar wa 'yan sa-kai. Wasunsu sun tsare garuruwansu da rayukansu, Allah Ya saka musu. Wasu kuma sun yanke hukunci a bakin kasuwa kan mutanen da laifinsu kawai kamanninsu, kowace gawa ta haifi sabon ɗan bindiga, shi kuma ya huce kan ƙauyen da ba shi da ko bindigar toka. Wannan shi ne Ertugrul idan ya sauko daga allon waya ya shigo ƙasar da ba alƙali.

Namu kundin

Abin takaici, ba sai mun je Khurasan ba. Kudancin Katsina tsohuwar ƙasa ce mai garuruwa irin Maska da Gozaki, masu ganuwa da masaƙa da marina tun kafin jihadi; har yau hakimin Funtuwa Sarkin Maska ake kiransa, na Malumfashi kuma Galadiman Katsina. Ƙasa ce da ta zauna tsakanin Katsina da Kano da Zazzau, dawakin kowa sun tattake ta. Kano da Katsina sun shafe fiye da shekara 100 suna yaƙi, Sarkin Kano Kutumbi ya rasa ransa a wannan yaƙi, kuma abin da ya kawo ƙarshensa wajen 1650 sulhu ne da malamai suka ƙulla. A shekarun 1840, bayan tawayen Ɗan Mari a zamanin Sarkin Katsina Siddiƙu, an murƙushe ƙasar Ruma da ƙarfin da ya tashi garuruwa, gonaki suka koma ƙungurmin daji. A wannan yanki dajin Rugu yake, wanda sunansa kaɗai ke tsinka zuciya yau. Takobi ya yi nasara, ya bar mana gadon daji. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya rubuta tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, an buga shi a Zariya a 1981. Matasa nawa ne cikin masu iya jero sunayen matan Ertugrul da dawakinsa suka taɓa riƙe shi?

Ko alaƙarmu ta gaske da Turkawa ba mu san ta ba. Mai Idris Alooma na Borno ya aika jakada Istanbul, Sarki Murad na Uku ya amsa masa a 1577, kuma limaminsa Ahmadu ɗan Fartuwa ya rubuta cewa akwai Turkawa 'yan bindiga a rundunarsa. Me Mai ya nema? A tsare wa alhazai da fatake hanya, a kuma mayar masa da wata ganuwa a Fezzan. Ganuwar dai ba a ba shi ba, sai ya juya wajen Maroko. Daula ce ta yi magana da daula, kowa da lissafinsa. Daga Masar ta zamanin Mamluk kuma Imamu Suyuɗi ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim Sura wasiƙar nasiha a ƙarshen ƙarni na 15, yana jan kunnensa kan adalci. Abin da ya iso mana daga waccan duniya a wancan zamani, takarda ce da ke cewa sarki ya ji tsoron Allah a kan talaka.

Ga masu cewa na cika tsanani

Za a ce fina-finan nan sun fi na Indiya tarbiyya, ana salla a ciki, ana ambaton Allah, mata a suturce. Na yarda, kuma ba na kiran a hana kowa kallo. Amma daidai wannan ne ya sa suka fi shiga jiki. Ba wanda ya kalli jarumin Indiya ya doke mutum 40 ya ɗauka tarihi ne. Idan aka buɗe fage da basmala aka rufe da addu'a, mai kallo yakan ajiye shakkarsa a ƙofa, har ya ji kamar musun labarin musun addini ne. Mu da muka gaji ilimin isnadi, muka san ba a karɓar magana sai an tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, bai kamata marubucin wasan talabijin ya wuce mu ba tambaya ba.

Za a ce Musulmi na buƙatar abin alfahari bayan shekaru ana nuna su a matsayin 'yan ta'adda. Gaskiya ne. To mu yi alfahari da abin da ya cancanta: Nizamiyya, da masaukan fatake, da kalandar Khayyam, da hasumiyar Gobarau, da malaman 'Yandoto, da Ɗan Marina da Ɗan Masani.

Za a kuma ce, kai da kake zaune gaban kwamfuta, idan 'yan bindiga suka shigo da dare, littafi za ka jefe su da shi? A'a. Wanda aka shigo wa gida dole ya kare kansa, kuma ƙasar da ba ta da soja mai ƙarfi ba ƙasa ba ce. Nizamul Mulk kansa yana tafiya da runduna. Maganar ita ce wa ke riƙe da linzamin mai makamin. Jami'an tsaron al'umma da gwamnatin Katsina ta ƙaddamar a Oktoban 2023 za su zama alheri gwargwadon yadda aka san sunan kowa a rajista, aka biya shi a kan lokaci, aka ƙirga harsashinsa, aka kuma kai shi gaban alƙali ranar da ya taɓa wanda bai ji ba bai gani ba. In babu waɗannan, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Doki ba ya cin kirari. Dawa yake ci da harawa, kuma wani ne ya noma su, ya yanka, ya ɗaure, aka zo aka ɗauka, wani lokaci da biya, sau da yawa ba biya. A kashi 150 na shirin nan ba a tsaya a ƙofar wannan mutum an tambaye shi yadda ya kwana ba. Mu kuwa jikokinsa ne. Yankin da masararsa da audugarsa da waken suyarsa ke cika kasuwar Dandume, yankin da aka zaɓa a tsakiyar shekarun 1970 cikin wurare uku na farko da Bankin Duniya ya gwada shirin bunƙasa noma a Nijeriya, bai dace ya kalli tarihi ta kan sirdi ba. Daga ƙasa muke, inda kofato ke sauka.

Saboda haka ina ƙalubalantar marubutanmu, waɗanda ke cika wannan dandali da littattafan sarauta da yarima da kuyangi: a rubuta mana labarin matar da ta tashi daga Ruma da goyo ranar da aka cinna wa garinsu wuta, ko na marinin Maska da ayarinsa ya kwana a hanya, ko na malaman da suka yi ta kai da komo tsakanin Kano da Katsina har aka ajiye makami. Masu fassara fina-finan, ku ƙara minti biyu a farkon kowane zango ku gaya wa mai kallo wane ne na tarihi, wane ne na ƙirƙira. Malaman makaranta, idan yaro ya zo muku da Alp Arsalan, ku karɓa da hannu biyu, ku ba shi Sanjar da tumakinsa 24,000 ya tafi da su gida ya kwana yana tunani. Masu neman ƙuri'armu kuma, idan sun zo da rawani da doki da kirarin jarumta, a tambaye su burtali nawa aka shata aka kafa wa alama, ƙarar manomi da makiyayi nawa aka yanke kafin a zubar da jini, kuma yaushe mai motar masara zai bi hanyar Sheme bayan magariba ya isa gida.